Darasi na Tara: Zaɓen Kwalin Samfurin Shayin Ulong da Farin Shayi

Mafi yawanmu mun san shayi ta fuska biyu. Akwai baƙin shayin da mai shayi ke tsoma jakarsa a ruwan zafi ya kwarara madara da sukari, akwai kuma koren shayin da ake dafawa a 'yar buta bisa gawayi, a yi ta sheƙa shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, irin wanda ake sha a majalisun Agadas da Damagaram da Kano. Shi wannan koren ganye daga ƙasar Sin ake kawo shi, kuma a can ɗaya ne kawai daga cikin rukuni shida da masana suka kasa shayi: kore, fari, rawaya, ulong, ja wanda mu muke kira baƙi, da mai duhu irin su Pu'er. Ulong da fari suna cikin waɗanda 'yan kasuwa kan sayar a kwali mai ɗauke da ƙananan ƙulli na zallan ganye, ba niƙaƙƙe a jakar takarda ba, domin mai saye ya ɗanɗana kafin ya yanke shawarar wanda zai saya da yawa. Ra'ayin da wannan darasi zai kare shi ne cewa kwalin samfuri mai amfani shi ne wanda aka tsara domin kwatantawa: ganye kaɗan masu dangantaka da juna, kowanne da isasshen nauyi da cikakken bayanin asalinsa. Kwali mai iri goma sha biyu da sunaye masu daɗin ji yakan burge ido, amma mai shi yakan shanye shi tas bai san wanda zai sake saye ba.

Kafin a gane dalilin wannan ra'ayi sai an san abin da ke raba shayi da shayi. Itace ɗaya ne ke ba da su duka, wanda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis, shi ne kuma ake nomawa a tsaunin Mambila na Jihar Taraba. Bambancin yana zuwa ne daga irin da aka dasa, da ƙasar da ya tsira a kai, da lokacin tsinka, sannan mafi girma, daga abin da aka yi wa ganyen bayan an tsinke shi. Duk wanda ya taɓa fasa goro ya ajiye ya ga yadda fuskar da aka fasa ke rinewa bayan ɗan lokaci, saboda ruwan cikinsa ya haɗu da iska. Haka ganyen shayi yake yi idan aka ƙuje shi ko aka murza shi, kuma a wannan darasi za mu kira hakan shan iska. Mai yin koren shayi yakan hana ganye shan iska tun da wuri ta hanyar sa masa zafi. Mai yin baƙi yakan bar shi ya sha har ya ƙoshi. Mai yin ulong kuwa a tsakiya yake tsayawa: ya shanya ganyen ya yi yaushi, ya girgiza shi a faifan gora domin gefunansa su ƙuje, ya jira, ya sake girgizawa, sannan ya tsayar da aikin da zafi a daidai matakin da yake so. Wannan mataki yana iya kusantar kore, yana iya kusantar baƙi. Shi ya sa za ka iya haɗa ulong biyu a gaban baƙo ya rantse ba dangi ɗaya ba ne.

Farin shayi shi ne wanda hannu ya fi ƙarancin taɓawa. Ba a soya shi a kasko, ba a murza shi; ana baza shi ne ya yi yaushi a hankali na kwana biyu ko uku, sannan a busar da shi. Gidansa na asali lardin Fujian ne a kudu maso gabashin Sin, musamman yankunan Fuding da Zhenghe. Ƙa'idar da hukumomin ƙasar suka shimfiɗa ta kasa shi gida huɗu, kuma abin da aka tsinko daga itacen shi ne babban abin da ya raba su. Baihao Yinzhen zallan toho ne wanda bai buɗe ba, lulluɓe da farin gashi mai laushi, ana tsinkarsa daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, kuma shi ya fi tsada domin sai an tara dubban toho kafin a sami abin kirki a sikeli. Bai Mudan toho ne tare da ganye ɗaya ko biyu. Gongmei da Shoumei kuwa ganyensu ya fi girma, tohonsu ya fi ƙaranci, ana kuma samunsu daga tsinkar da ta biyo baya. A kofi, Yinzhen yakan ba da ruwa mai haske da zaƙi siriri wanda harshen da ya saba da sukari zai iya cewa ruwan zafi ne kawai. Shoumei ya fi launi da kauri, kuma idan ya shekara a ajiye yakan kawo ƙamshin da Sinawa ke kwatantawa da na busasshiyar magaryarsu.

Daga wannan bayani kaɗai ana iya ganin yadda kwalin farin shayi mai ma'ana zai kasance. Idan aka haɗa Yinzhen da Bai Mudan da Shoumei, duka daga Fuding, duka na shekara ɗaya, to abin da ya bambanta su shi ne tsinka, kuma duk abin da harshe ya ji na bambanci ya san inda zai jingina shi. Idan kuma aka haɗa Shoumei na bana da na shekara uku da na shekara bakwai daga hannun mai yi ɗaya, to shekaru ne ake gwadawa. Masu sana'ar a Fujian suna da wata magana cewa farin shayi a shekarar farko shayi ne, a ta uku magani, a ta bakwai dukiya. Maganar kasuwa ce, kuma ta taimaka wajen ɗaga farashin tsohon ganye, har ta jawo masu sayar da sabo da sunan tsoho. Amma gaskiya ne ɗanɗanon yana sauyawa da ajiya, kuma ba wanda zai san ko sauyin ya yi masa sai ya jera su ya sha. Yanzu a kwatanta wannan da kwalin da ya ƙunshi Yinzhen na Fuding, da wani farin shayi na lardin Yunnan da aka yi da itace mai manyan ganye, da wani da aka turara da furen yasmin, da wani da aka cakuɗa da busasshen ɓawon lemo. Idan na Yunnan ya fi yi maka daɗi, mene ne dalili? Irin itacen ne, ko ƙasar, ko tsinkar, ko dai na Fuding ɗin ne ya kwana biyu a shago? Abubuwa huɗu sun sauya a lokaci guda, don haka ba abin da za ka iya tabbatarwa.

Lamarin ulong ya fi faɗi, domin abubuwa biyu ne ke aiki a kansa tare: yawan iskar da ya sha, da yawan gasawar da aka yi masa daga baya, a kan gawayi ko a murhun lantarki. Manyan gidajensa huɗu ne. A arewacin Fujian akwai duwatsun Wuyi, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Nan ake yin shayin dutse irin su Rougui da Shuixian da Da Hong Pao, masu dogon ganye a murɗe, masu duhu, waɗanda suka sha iska sosai suka kuma gasu. A kudancin lardin akwai gundumar Anxi, gidan Tieguanyin, wanda ake mulmula shi ya zama ƙananan dunƙule; na zamani kore ne shar mai ƙamshin fure, na gargajiya kuwa gasasshe ne mai launin ƙasa. A lardin Guangdong, a dutsen Fenghuang kusa da birnin Chaozhou, ana yin Dancong, wanda ƙamshinsa ke da ƙarfi amma yake saurin yin ɗaci idan ya daɗe a ruwa. Sai tsibirin Taiwan, inda ake samun kusan kowane mataki: Baozhong na yankin Pinglin wanda da ƙyar ya wuce kore, da shayin tudu na Alishan da Lishan da ake nomawa a sama da mita 1,000, da Dong Ding na Lugu a gundumar Nantou mai matsakaiciyar gasawa, da kuma Dongfang Meiren na Hsinchu da Miaoli. Wannan na ƙarshe abin mamaki ne: manoma suna barin wani ƙaramin ƙwaro ya tsotsi ganyen a lokacin zafi, itacen ya fitar da sinadaran kare kansa, su kuma su ba shayin ƙamshi mai kama da zuma. Don haka mai nomansa ba ya iya fesa maganin da zai kashe ƙwaron da ke kawo masa kuɗi.

Tun da abin ya yi wannan faɗi, kwalin ulong na farko ya kamata ya bi layi ɗaya daga haske zuwa duhu. Baozhong ko koren Tieguanyin a farko, Dong Ding a tsakiya, wani shayin Wuyi a ƙarshe, in an so a ƙara Dongfang Meiren domin a ji yadda shan iska mai yawa yake ba tare da gasawa mai nauyi ba. A nan ba a cika sharaɗin sauya abu ɗaya kaɗai ba, gaskiya ne, domin ƙasa da iri ma sun sauya. Amma tambayar da ake yi a wannan mataki babba ce, wato ko harshenka ya karkata ga kore mai ƙamshin fure ko ga gasasshe mai nauyi, kuma layin ya isa ya amsa ta. Kwali na biyu shi ne zai ƙuntata: Tieguanyin ɗaya a matakan gasawa uku, ko Rougui da Shuixian daga hannun mai yi ɗaya a Wuyi, ko Alishan na bazara da na hunturu daga gona ɗaya. Wanda ya bi wannan tsari, kafin ya gama kwali biyu ya san abin da zai nema da sunansa.

Sai batun nauyi, wanda a ganina shi ne inda aka fi cutar mai saye ba tare da ya ankara ba. A tsarin haɗa shayi na Chaozhou da Fujian, wanda ake kira gongfu, ana zuba ganye giram 5 zuwa 7 a ƙaramin kofi mai murfi da ake kira gaiwan, mai cin kamar mililita 100, a zuba ruwan zafi, a tsiyaye bayan 'yan daƙiƙu, a sake zubawa, har sau biyar ko fiye. Ke nan ƙullin giram 5 zama ɗaya ne. Zama na farko da ganyen da ba ka sani ba kuwa shi ne wanda aka fi yin kuskure a cikinsa: ruwa ya yi zafi da yawa ga Yinzhen, ko ya yi sanyi ga dunƙulallen ulong har ya ƙi buɗewa, ko an bar Dancong minti biyu ya yi ɗaci. Wanda ke da giram 5 kacal zai yanke wa shayin hukunci a kan kuskuren hannunsa, ba kuma abin da zai gyara da shi. Mu ɗauki kwali mai giram 60. Idan aka raba shi iri 12, kowanne giram 5 ne, zama ɗaya ɗaya. Idan aka raba shi iri 4, kowanne giram 15 ne: zama ɗaya na sanin hali, ɗaya na gyara, ɗaya kuma na jerawa gefe da gefe da ɗan'uwansa. Masu ɗanɗana shayi a matsayin sana'a ba sa dogara da tunawa. Jerawa suke yi. Akwai ma ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 3103 da ta tsara yadda ake haɗa shayi don gwaji: giram 2 ga kowace mililita 100 ta tafasasshen ruwa, a bar shi minti 6. Wannan ba ya ba da kofi mafi daɗi, ba kuma don haka aka yi shi ba. An yi shi ne domin a sa kowane ganye cikin hali ɗaya, yadda in bambanci ya fito za a san daga ganyen yake.

Mai hankali zai iya cewa: ai sabon shiga bai san abin da yake so ba, to me ya sa za a ƙuntata masa da iri huɗu alhali da kuɗi ɗaya zai iya leƙa goma sha biyu? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma idan manufar kwalin kyauta ce ga aboki ko nishaɗin yamma, ba laifi a sayi mai yawan iri. Amma a duba abin da ke faruwa a aikace. Mutum ba zai sha iri goma sha biyu a rana ɗaya ba. Zai ɗauki makonni. Kafin ya kai na tara, ɗanɗanon na biyu ya gushe daga ƙwaƙwalwarsa, abin da ya rage masa kawai shi ne "akwai wani mai daɗi". Harshe yana da kaifi wajen bambance kofi biyu da ke gabansa, amma ba shi da riƙo idan aka raba su da kwana goma. Bugu da ƙari, wanda zai fi tsayawa a rai cikin goma sha biyun shi ne mafi ƙarfin ƙamshi, wanda sau da yawa shi ne aka yi wa ƙari na turare, su kuma masu sanyin hali irin su Bai Mudan sai su ɓace a cikin hayaniya. Faɗin da sabon shiga ke buƙata yana samuwa a layin haske zuwa duhu da aka ambata, da iri huɗu ko biyar kacal.

Wani kuma zai ce: me ruwana da rubutun jikin ƙulli, ai harshena ne alƙali. Harshe alƙali ne a kan abin da ke cikin kofi, amma ba ya iya gaya maka yadda za ka sake samunsa, kuma dalilin sayen samfuri tun farko shi ne a sake saye. Shayi amfanin gona ne. Na bana ba lallai ya yi daidai da na bara ba, ko daga gona ɗaya. Don haka ƙulli mai mutunci yana faɗin abubuwa biyar: wurin da aka noma shi har zuwa gunduma ko dutse, sunan irin itacen, wata ko yanayin tsinka tare da shekara, matakin gasawa idan ulong ne, da nauyi. Rubutu irin "ulong na musamman daga tsaunukan Asiya" bai faɗi komai ba. Sannan sanin asali yana kare mutum daga tallan da ba shi da tushe. Asalin itatuwan Da Hong Pao guda shida ne a jikin wani dutse a Wuyi, kuma tun 2006 aka daina tsinkar ganyensu. Abin da ake sayarwa da wannan suna a yau ko dai daga itatuwan da aka yaɗa ta hanyar dasa reshe ne, ko kuma gauraye ne na wasu iri na yankin, kuma hakan ba aibu ba ne idan an faɗa. Wanda ya ce maka ƙullinsa daga iyayen itatuwan ya fito, ka rufe jakarka. Haka nan, ganyen da aka noma a tsakiyar duwatsun Wuyi ya ninka na gonakin kewaye kuɗi, alhali duka suna iya ɗaukar sunan Wuyi. Akwai kuma Jin Xuan, irin da cibiyar binciken shayi ta Taiwan ta fitar a 1981 da lamba 12, wanda ake tallatawa da sunan ulong mai madara. Na gaskiya yana da ɗan santsi mai tuna madara can nesa. Wanda ƙamshin madara ko alewa ya buge ka tun buɗe leda, ya kuma ɓace bayan zubi na biyu, turare aka fesa masa. Irin wannan Jin Xuan ana nomansa da kyau a arewacin Thailand da Vietnam, kuma ba abin ƙi ba ne a ƙarƙashin sunansa. Cutar ita ce a sayar da shi da sunan shayin tudun Taiwan a farashin Taiwan.

To idan mai sayarwa zai iya yin ƙarya a rubuce, ina amfanin rubutun? Amfaninsa shi ne ya ba ka abin da za ka gwada da ido. Bayan an gama sha, a juye jiƙaƙƙen ganyen a faranti a duba. Yinzhen ya kamata ya zama toho zalla, cikakku, masu kusan tsawo ɗaya. Dunƙulen ulong na tudu ya kamata ya warware ya zama reshe mai ganye uku ko huɗu a haɗe, masu laushi. Ulong da aka girgiza yadda ya kamata yakan nuna ja-ja a gefen ganye da kore a tsakiya. Ganyen da ya ƙi buɗewa, ya yi tauri baƙi ƙirin, gasawa ce ta wuce kima, wani lokaci kuma da ita ake rufe aibun ganye maras kyau. Gari da karyayyun ganye da yawa a gindin ƙulli alama ce ta ragowar buhu. Mai sayarwar da ya yi bayani dalla-dalla ya ba ka makamin da za ka kama shi da shi, shi ya sa wanda bai amince da kayansa ba yakan fake da sunaye masu ado. Wata dabara kuma da giram 15 ke ba da dama: a ware giram 3 ko 4 a rufe sosai, in babbar odar ta iso a haɗa su tare. Idan sun sha bamban, kana da hujjar magana.

Kwanan wata yana da muhimmanci na musamman ga wanda ke zaune a ƙasa mai zafi. Koren ulong irin su Tieguanyin na zamani da Baozhong ƙamshinsu ba ya jure zafi da iska. Masu shaguna a Sin a firiji suke ajiye koren Tieguanyin, a cikin 'yan ledojin da aka zuƙe wa iska. Ƙullin da ya yi makonni a hanya, ya sauka Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya kuma zauna a ɗakin da wutar lantarki ba ta tsayawa, ba shi ne shayin da mai sayarwa ya siffanta ba. Gasasshen ulong ya fi juriya, har ma na Wuyi yakan fi daɗi bayan ya huta 'yan watanni warin wuta ya lafa. Farin shayi ma yana jure ajiya matuƙar bai sha laima ba, don haka damina ce abin tsoronsa. Saboda wannan, shawarata ga wanda ba shi da firiji abin dogaro ita ce ya sa nauyin kwalinsa a ɓangaren gasasshe da fari, ya ɗauki kore guda ɗaya ya kuma fara shanye shi. A kula da mazubi ma: leda mai rufin ƙarfe a ciki wadda haske ba ya ratsawa, kowane iri a rufe daban. Kwalbar gilashi mai kyan gani tana barin rana ta cinye ganye. Kuma shayi yana zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi, don haka kwalin da ya haɗa farin shayi da wani mai turaren 'ya'yan itace a cikin takarda sakayau ya riga ya ɓata farin, haka ma ajiye shi kusa da daddawa ko turaren wuta.

Game da kuɗi, gaskiya ne giram ɗin samfuri ya fi na babban fakiti tsada, domin akwai aikin awo da ƙulli. Amma a yi lissafin da ya dace: kuɗin giram 15 da ba ka so, da kuɗin giram 250 da ba ka so, wanne ya fi ciwo? A raba kuɗin kwali da jimillar giram, a haɗa da kuɗin aikowa da na kwastan in daga waje ne, kafin a kwatanta kwali da kwali, domin wani rabin kuɗinsa na akwatin ado ne da ƙyallen siliki. Kada kuma maganar lafiya ta shiga lissafin. Ana yawan cewa farin shayi ba shi da sinadarin kafeyin mai hana barci. Ba haka ba ne, toho da ƙananan ganye suna cikin sassan itacen da suka fi ɗauke da shi. Masu cewa ulong na narkar da teɓa tallarsu suke yi. Abin da ya tabbata shi ne shan shayi tare da abinci yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke zuƙa daga hatsi da ganyayyaki, don haka mai ƙarancin jini da mai juna biyu su raba shayinsu da lokacin cin abinci.

Saura ƙalubale mafi nauyi: shin wannan ba almubazzaranci ba ne ga mutumin da ke lissafin kuɗin masara? Ga da yawa daga cikinmu shayin Wuyi ba abin saye ba ne, kuma ba wanda zai rasa wani abu don bai sha Yinzhen ba. Amma akwai masu buɗe shagon shayi a birane, akwai 'yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou, inda babbar kasuwar shayi ta Fangcun take, waɗanda za a miƙa musu samfuri a ce su zaɓa, akwai ma'aikatan otal da za a tambaye su bambancin wannan da wancan. Ga waɗannan, sanin abin da za a tambaya jari ne. Ga sauran kuma, dabarar ita ce abin ɗauka, domin ba ta tsaya ga shayin Sin mai tsada ba: a daidaita komai a sauya abu ɗaya, a sami isasshen abin da za a maimaita gwaji da shi, a rubuta sakamako kafin a manta.

Idan kwalin ya iso, a yi amfani da ruwa ɗaya ga duka, wanda ba shi da warin sinadarin famfo ko gishirin rijiya. A fara da fari kafin ulong, a ulong kuma daga haske zuwa duhu, domin gasasshe yana danne harshe. Ga toho a bar tafasasshen ruwa ya ɗan huce zuwa wajen digiri 85; ga ulong a zuba shi da zafinsa. Ba sai an mallaki gaiwan ba, kofunan gilashi biyu masu girma ɗaya da 'yar rariya sun wadatar.

Aikin wannan mako ba ya buƙatar odar komai daga waje. Kowane ɗalibi ya sayo koren shayi iri biyu daga kasuwar garinsu, ya kwafe duk abin da aka rubuta a jikin kwalayen, ya kuma lura da wanne daga cikin bayanai biyar ɗin nan aka faɗa, wanne aka tsallake. Sannan ya auna cokali ɗaya na kowanne a kofi biyu, ruwa ɗaya, minti ɗaya ga zubin farko, ya sha su bi da bi, ya juye ganyen a faranti ya duba. A zo aji da abin da aka rubuta, kuma kada a zuba sukari sai an gama rubutun.